Rarar Da Yaya Ta Bari A Zoben Aurena

Ni malamin lissafi ne, kuma a shekarar da na yi aure ina ji da kaina ƙwarai a kan awo. In ɗalibi ya kawo mini amsa babu milimita ko santimita a gefenta, sai in ja masa jan biro in ce ya koma ya tambayi lambar ko ta mene ce. Wannan jin kan ne ya sa na ce zoben aurena ba zan saye shi a kasuwa ba, inda ake zubo maka su a faranti kana laluba. A intanet zan saya, a wani shago na ƙasar waje da na gani a waya, inda kowane zobe yake da lambarsa. Na zaɓi wani fari sumul, an rubuta cewa ba ya tsatsa, ba ya karcewa, ba ya lanƙwasa. Wannan bayanin ya burge ni har na karanta wa abokan aikina a ofishin malamai.

Mu mutanen kudancin Borno ne, amma a Maiduguri na yi wayo, a Moduganari, a hannun yayata. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara shida, Yaya tana da goma sha tara. Da keken ɗinki ta rene ni. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, Auta take ce mini, har bayan na yi gemu na fara koyarwa. A cocinmu akwai kujera a layin gaba da uwar ango take zama ranar ɗaurin aure, kuma babu wanda ya taɓa tambayar wa zai zauna a tawa. Kowa ya san Yaya ce.

Yarinyar da zan aura akawu ce a ofishin coci. Shekarar da ta gabaci aurenmu ta yi doguwar jinya, taifot ya kwantar da ita ya tashi ya sake dawowa, har aka yi ta sa ta a addu'a ran Lahadi. Ta warke, amma ta fito kamar sillen kara. Ranar da na fara kai ta gaida Yaya, Yaya ta dube ta tun daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa yadi kafin ta sa almakashi. Bayan mun raka ta ta hau keke napep, sai Yaya ta ce mini, "Auta, yarinyar nan tana cin abinci kuwa?" Abin da ta faɗa ke nan, ba ta ƙara ba. Ni kuwa na ɗauki maganar na ajiye a zuciya, na ce Yaya ba ta son ta.

Shagon intanet ɗin sun yi bayanin yadda ake gane lambar zobe. Ka samu siririyar takarda ko zare, ka zagaye gindin yatsan, ka sa alama inda suka haɗu, ka shimfiɗa a kan rula, sannan ka duba jadawalinsu. Aikin minti biyu. Matsalar ita ce yatsan amaryar yana unguwar Jiddari Polo, a gidan mahaifinta, kuma mahaifin nata dattijon ikilisiya ne da ba ya wasa. Tun da aka kai kayan tambaya, duk zuwan da zan yi sai ya fito falo ya zauna da Littafi Mai Tsarki a cinya, yana buɗe shafi ɗaya tal har in tafi. In ce zan kama hannun 'yarsa a gabansa in nannaɗa mata zare? Ko a mafarki ban isa ba.

Yaya ce za ta ɗinka rigar amarya, kuma dama za ta je awo. Sai na ce ta haɗa da yatsa. Na yi mata bayani har sau uku, na zana mata a takarda, na nuna mata a yatsana. Ta ce, "Auta, tun ba ka iya ɗaura wando ba nake auna mutane." Washegari ta miƙo mini ɗan siririn ƙyalle fari da ta yanke da almakashi, ta ce ga yatsan amarya. Na kai makaranta, na shimfiɗa shi a kan rulata ta ƙarfe, na auna sau biyu, na sa wani malami ya sake aunawa. Jadawali ya ce lamba takwas. Na aika, na kuma ce su zana harufan farko na sunayenmu a ciki. Sun rubuta da ja cewa zoben da aka zana wa rubutu ba a mayar da shi. Na danna na yarda ba tare da ko ɗar ba.

Sati biyar zoben ya yi a hanya. Ya iso an riga an yi sanarwar aurenmu ta biyu a coci, saura kwana goma sha biyu. Da rana tsaka mai kawo saƙo ya kira ni, ana zafin nan na bazara da ko inuwar dogon yaro ba ta ceton mutum. Na buɗe ɗan akwatin a bakin titi. Kai, zoben ya yi kyau. Ban ma koma gida ba, na tare keke napep na ce Jiddari Polo.

Baba, mahaifinta, ya fito falo kamar kullum da littafinsa, ita ma ta fito ta zauna. Na gaishe shi, na ajiye akwatin a kan tebur don kada hannuna ya taɓa nata, na ce ta gwada. Ta ɗauka tana sunkuyar da kai, ta zura. Zoben ya wuce gaɓar yatsan ko taɓa ta bai yi ba. Ta sauke hannu, ya zame, ya faɗi a siminti ya yi ƙara, ya gangara yana juyi a tsakiyar falon, ya shige ƙarƙashin kujerar Baba. Mu duka uku muka bi shi da ido.

Baba ya rufe littafinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ce, "Malam, ka duba nan ƙasa." Haka na durƙusa da gwiwa biyu a gaban surukina ina laluben ƙarƙashin kujerarsa. Da na ciro, ya miƙo hannu ya karɓa, ya zura a ɗan yatsansa, ya shiga. Ya cire ya ba ni, ya ce, "Na ji an ce lissafi kake koyarwa."

Na ga amaryar ta ɗago kai ta buɗe baki za ta yi magana. Ni kuwa na riga na miƙe, kunnuwana suna zafi. Na ce, "Baba, zan gyara," na fita ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba.

Washegari na tafi wurin wani tsohon maƙerin azurfa a kasuwa, Babarbare, wanda matan unguwarmu suke kai wa awarwaro. Na same shi a kan buzu, da tabarau ɗaure da zare. Ya gaishe ni da Kanuri, "Wushe, Malam, wushe." Na ba shi zoben na ce a rage. Ya ce ƙaramin aiki ne, zai yanke kaɗan ya haɗe, in zauna in sha shayi. Ya ɗaure zoben, ya sa ɗan zartonsa. Ya ja, ya ja, ya tsaya ya duba. Ko alama babu. Ya canza haƙorin zarton, ya sake ja, haƙorin ya tsinke ya yi tsalle. Ya ɗauko magagari ya goga har gumi ya keto masa, ya duba, magagarin ne ya yi santsi. Maƙwabcinsa ya taso ya zo kallo, wani ma ya taso. Suka yi ta juya zoben suna magana da Kanuri, ina jin ana ta ambaton sunan Allah.

Tsohon ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, wannan a ina ka samo? Ba azurfa ba, ba zinari ba. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban ga ƙarfe ya ci mini zarto ba." Na ce ya gwada wuta. Ya ce wutarsa ba za ta yi masa komai ba, in kuma ya buga da guduma zai fashe kamar tangaran. Ya sa mini shi a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai. "Ka nemo matar da za ta shiga ciki," in ji shi, sauran suka fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Abin da na yi ta karanta wa abokan aikina da alfahari, ba ya karcewa, ba ya lanƙwasa, shi ne ya juyo ya tsaya mini a wuya.

A hanyar komawa na yi ta lissafi a kaina. Rulata daidai take. Jadawalin daidai yake, na gwada shi a nawa yatsan kuma nawa zoben, da na sayo tare da nata, ya zauna ɗas. Saura abu ɗaya, ƙyallen. Sai maganar nan ta dawo mini, yarinyar nan tana cin abinci kuwa. Kafin in isa Moduganari na gama yanke hukunci.

Na sami Yaya a shagonta tana taka keke, rigar amaryar tana rataye a bayanta an rufe da leda. Akwai mata biyu 'yan zumuntar matan cocinmu zaune suna jiran ɗinkinsu. Ban gaida kowa ba. Na ajiye zoben a kan keken, na ce, "Yaya, ƙyallen da kika ba ni, daidai yatsanta kika yanka?"

Ba ta ko ɗaga ƙafa daga keken ba. Ta ce, "Na ƙara mana. Faɗin farcena na ƙara."

Wallahi da ta musa da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Kin ƙara? A zobe?"

"To wa yake yanka wa amarya abu cif-cif? Ai ana barin rara. Ka zauna in..."

Ban zauna ba. Na ce zobe ba zani ba ne. Na ce ta kunyata ni a gaban surukina, ta sa maƙera sun yi mini dariya. Na ce na san tun ranar farko ba ta son yarinyar, kuma in so take auren ya lalace ta fito fili ta faɗa. Matan nan biyu suna cewa, "Malam, haba, Malam." Yaya ta tsayar da keken, ta juya harshe zuwa yarenmu, ta ce in rage murya, ba haka ta tarbiyyantar da ni ba. A nan ne na faɗi abin da har yau nake nadamarsa. Da Hausa na faɗa, yadda kowa zai ji. Na ce, "Ki daina yanke mini rayuwa yadda kike so. Ke ba uwata ba ce."

Ɗaya daga cikin matan ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Ni kaina na ji maganar kamar daga bakin wani ta fito. Yaya ta ɗauki zoben da yatsa biyu ta miƙo mini, ta mayar da ƙafarta kan keke ta ci gaba da ɗinki.

Kwana biyu ban je gidan kowa ba. A rana ta uku na je ofishin coci kai wasu takardun aure, na sami amaryar a teburinta, fasto yana ciki ƙofarsa a buɗe. Labari ya riga ni zuwa, don maganar da aka yi a gaban matan zumunta ba ta kwana. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Malam, gaskiya ne abin da aka ce ka gaya wa Yaya?" Na fara kare kaina, ina maganar milimita. Ta ɗaga hannu, siririn hannun nan, ta tsayar da ni.

Ta ce, "Ni na san ta ƙara. A gabana ta ƙara. Abin da na so in gaya maka ke nan a falo, ka tashi ka fita."

Na nemi kujera na zauna.

Ta ce ranar awon, Yaya ta zagaya ƙyallen a yatsanta, ta duba, ta girgiza kai, ta matsar da almakashi gaba. Ta tambaye ta dalili. Yaya ta ce mata, "Wannan yatsan ciwo ne, ba naki ba ne. Ba zan yanka miki zobe a kan ciwo ba. In kin shigo gidanmu za ki cika shi, ni zan tabbatar." Ta ce tun da ta tashi daga jinya kowa lallaɓa ta yake yi kamar ƙwai, har mahaifinta in ta yi tari sai ya leƙo ɗakinta. Babu wanda ya taɓa yi mata magana kamar za ta daɗe a duniya, sai Yaya. Ta ce a ranar, bayan Yaya ta tafi, ta shiga ɗaki ta yi kuka har ta gode wa Allah. Ta ƙara da cewa tun daga lokacin, duk ran Laraba Yaya tana aiko mata da kunun gyaɗa a fulas, da tuwo da miyar yakuwa, ta ce kada a gaya mini don zan ce ta cika shisshigi.

Ban san komai a cikin wannan ba. Ina zaune a ofishin nan, fanka tana juyawa a sama, sai wandunan makarantata suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗaya da kalmasa mai zurfi a ƙafa, wadda Yaya take saki kaɗan-kaɗan duk ƙarshen zango. Rigunana da hannuwansu suke rufe mini yatsu. Yara suna ce mini mai rigar aro, ina dawowa gida ina fushi, ita kuma tana cewa in yi haƙuri zan kai. Tun ina ɗan shekara shida ba ta taɓa ɗinka mini abu daidai jikina ba. Na san wannan sarai, a jikina aka yi. Ni da kaina na aiki wannan matar ta auno mini yatsa, sannan na yi mamaki da ta bar rara.

Da yamma na je shagon. Ba kowa sai ita. Na durƙusa a ƙasa cikin guntayen ƙyalle na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce, "Tashi, Malam, za ka ɓata wandonka."

Malam. A bakin kowa na saba jin wannan, ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Ta ce in kawo zoben. Ta zaro farin zaren siliki, irin wanda ta yi wa rigar amarya ado da shi, ta sa a allura, ta fara nannaɗe cikin zoben ta ɓangaren da zai kwanta a tafin hannu. Zagaye bayan zagaye, a jere, a matse, ba wanda ya hau kan wani. Ba ta auna komai ba. Da ta gama ta ɗaure, ta cije zaren da haƙori, ta ce, "Zai zauna. In ya fara matse ta, ta kawo in rage." Na sake cewa ta yafe mini. Ta ce ta yafe, ai ba ƙarya na yi ba, ita ba uwata ba ce. Ta ce ta aika wa goggonmu a ƙauye ta zo ta zauna a gaba, don ita ce ƙanwar mahaifiyarmu, ita ta fi cancanta.

Na roƙe ta. Fasto ya roƙe ta. Baba da kansa ya hau keke napep ya zo Moduganari, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi ruwa, ta saurare shi har ya gama, ta ce ta gode. Har safiyar ranar ina gaya wa kaina za ta sauko.

Da na shiga coci na dubi layin gaba, goggo ce a kujerar, tsohuwar da sau uku na taɓa gani a rayuwata. Yaya tana can gefe cikin matan zumunta, sanye da anko irin nasu, tulun kiɗa a cinyarta tana bugawa. Ta yi waƙa, ta yi guɗa, ta raba abinci har yamma, babu wanda zai ce akwai wani abu. Da fasto ya ce in sa zoben, na kama hannun amarya na zura mata shi. Ya wuce gaɓar da ɗan turjiya, ya zauna daram kamar don yatsan aka ƙera shi. Mutane suka yi tafi. Ni ban ji daɗin da na yi shekara ina jira ba, idona yana kan kujerar da na kori Yaya daga kai da bakina.

Matata ta riƙe maganar Yaya. Bayan wata huɗu ta ce zoben ya fara matsa, ta tafi Moduganari, ta dawo an rage zagaye uku, da kwanon abinci a hannu. Haka aka yi ta yi. Na ce mata ai za ta iya warwarewa da kanta da tsinin allura. Ta ce in bar mata abinta. Kumatunta suka fito, mutanen coci suka daina tambayarta jiki. Yaya ba ta taɓa fasa mana komai ba, tana zuwa gidanmu, tana dariya da matata har su kwanta, in na shigo ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Shekara uku ina jin wannan gaisuwar, kuma ba ranar da ba ta soke ni ba.

Bara aka haifa mana 'ya mace. Ana gobe za a kai ta coci, Yaya ta zo da rigar da ta ɗinka mata, fara, da ɗan ado a wuya. Matata ta sa wa jaririyar. Rigar ta haɗiye ta gaba ɗaya, hannuwa sun ɓace, ƙafafu sun ɓace, kai kawai ake gani yana leƙowa. Matata ta kawar da fuska tana danne dariya. Yaya ta naɗe hannu a ƙirji ta juyo ta dube ni, tana jira.

Na ɗauki 'yata na juya ta hagu da dama, na gyara wuyan rigar. Na ce, "Yaya, ta yi mata daidai."

Yaya ta dube ni, ta dubi rigar. Sannan ta karɓi jaririyar daga hannuna, ta fara naɗe mata hannun rigar sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har 'yan yatsun suka fito.

Ta ce, "Ƙarya kake yi, Auta. Sai ta shekara."